Jimmy Carter a kujerar hukumar makarantu: ya yi iya ƙoƙarinsa, ko shiru ya yi?

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun da aka sa ni cikin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da firamaren unguwarmu, nake bin labarin mutanen da suka taɓa zama a irin wannan kujera, kuma babu wanda ya tsaya mini a rai kamar Jimmy Carter. Yawancinmu a matsayin shugaban Amurka na 39 muka san shi, ko ta yaƙi da kurkunu. Amma muƙamin gwamnati na farko da ya riƙe ƙarami ne, mamba a hukumar makarantu ta gundumar Sumter a jihar Jojiya, daga ƙarshen 1955 zuwa 1962, har ya zama shugabanta.

Ga asalinsa a taƙaice. An haife shi ranar 1 ga Oktoba 1924 a garin Plains, ya tashi a ƙauyen Archery inda kusan duk maƙwabtansu baƙaƙen fata ne masu aikin gona. Da 'ya'yansu ya yi wasan ƙasa, da su ya je kamun kifi. Tun yana ɗan shekara biyar yake tallar dafaffiyar gyaɗa a titin Plains. Mahaifinsa manomi ne kuma ɗan kasuwa mai riƙo da wariyar launin fata, shi ma ya taɓa zama a hukumar makarantun. Mahaifiyarsa Lillian nas ce, tana shiga gidajen baƙaƙe ta duba marasa lafiya a lokacin da fararen mata ba sa yin haka. Ya gama makarantar sojan ruwa ta Annapolis a 1946, ya yi aiki a jiragen ruwa masu nutso, sai uban ya rasu a 1953, ya ajiye kaki ya dawo gida ya karɓi sana'ar gyaɗa.

Abin da ya dame ni shi ne wannan. Da kansa ya rubuta daga baya cewa sai da ya yi watanni a hukumar kafin ya farga cewa 'ya'yan farare a bas ake kai su makaranta, 'ya'yan baƙaƙe kuwa a ƙasa suke tafiya. Mutumin da ya tashi cikinsu ke nan fa. To ina tambaya, irin wannan mamba, yabo ya cancanta ko zargi?

Hedimasta Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a yanke hukunci a gyara abu ɗaya. Hukumar da Carter ya zauna ba kamar SBMC ɗinku ba ce. Ku shawara kuke bayarwa, ku sa ido, in an samu ɗan tallafi ku gyara rufin aji. Su kuwa su ke tsara kasafin kuɗi, su amince da ɗaukar malamai, su ce ga inda za a gina makaranta, su ce ga hanyar da bas zai bi. A wurinmu wannan ƙarfin yana hannun SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Don haka nauyin da ke wuyansa ya fi naku nesa ba kusa ba.

Baƙon Atlanta:
Baba Hedimasta ya faɗi gaskiya. Ina zaune a Jojiya, yarana a makarantar gwamnati suke. Ƙasar nan tana da gundumomin makarantu kusan 13,000, mafi yawansu kowace da hukumarta, kuma kaso mai tsoka na kuɗin makaranta daga harajin gidaje da filaye na yankin yake fitowa. Gwamnatin tarayya abin da take sawa bai wuce wajen kashi goma cikin ɗari ba a yawancin shekaru. Yanzu zaɓen mambobin ake yi, amma a zamanin Carter a gundumomin Jojiya wani zauren mutanen gari da ke taimaka wa kotu ne ke naɗa su, kuma farare ne a zauren. Ka ga ke nan iyayen yaran da ke tafiya a ƙasa ba su da ta cewa kan wanda zai hau kujerar, balle su sauke shi.

Uwar 'Yan Biyu:
Ni dai ban yarda da maganar bai lura ba. Ta yaya za ka fito da mota da safe, ka wuce yara suna tafe a gefen hanya cikin ƙura da sanyi, ka ce ba ka gani ba? Ya gani sarai. Bai ɗauke su a matsayin yaran da ya kamata a ɗauka a mota ba ne kawai.

Malamin Tarihi:
Hajiya, ai abin da kika faɗa shi ne ainihin ciwon. Ido ya gani, zuciya ce ba ta ƙirga ba, saboda haka ya taso ya tarar. Amma a ba shi haƙƙinsa. Shi ne ya kawo shawarar mambobi su tashi su zagaya dukan makarantun gundumar da ƙafafunsu. Da suka fita sai suka tarar makarantun baƙaƙe ƙanana ne birjik, fiye da ashirin, da yawa a cikin coci-coci, tunda babu bas dole makaranta ta kasance inda ƙafar yaro za ta iya kaiwa. Littattafan tsofaffi ne da makarantun farare suka gama da su, manyan yara a kan 'yan kujerun da ba su ishe su ba. Na zaune bai ga gari ba.

Ɗan Kurmi:
To da ya tashi ya ga garin, me ya yi? Nan ne maganar take, Malam. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci ranar 17 ga Mayu 1954 cewa raba makarantu bisa launin fata ya saɓa wa tsarin mulki. Carter ya hau kujera bayan hukuncin da fiye da shekara ɗaya, ya yi shekara bakwai, ya sauka ya bar makarantun a rabe kamar yadda ya same su. Kuma akwai wadda ta fi wannan muni. A 1956 wasu fararen iyaye sun kawo ƙorafi cewa wurin da za a gina sabuwar makarantar baƙaƙe zai sa 'ya'yansu su riƙa bin hanya ɗaya da baƙaƙen yara. Carter ne ya gabatar da buƙatar a sauya wurin. Daga baya an fasa, amma tsadar aikin ce ta sa aka fasa, ba tausayin kowa ba. Hanya fa kawai, ba aji ba, ba benci ba. Wannan ba rashin lura ba ne, hannunsa ne dumu-dumu a ciki.

Uwar 'Yan Biyu:
Innalillahi. Wannan ban taɓa ji ba. Hanyar ma an yi musu rowarta.

Hedimasta Mai Ritaya:
Ɗana na Kurmi, abin da ka kawo gaskiya ne, ba zan wanke shi ba. Amma ka duba ƙasar da yake tsaye a kai. A waɗannan shekarun dokar Jojiya ta ce duk makarantar da ta haɗa farare da baƙaƙe za a yanke mata kuɗin jiha. A 1956 ɗin nan majalisar jihar ta sa tambarin 'yan tawayen Kudu masu goyon bayan bauta a tutar jiha, don kowa ya san inda aka dosa. Ko Jami'ar Jojiya sai a Janairun 1961 ta karɓi baƙaƙen ɗalibai biyu na farko, da umarnin kotu, kuma sai da aka yi tarzoma. Da Carter ya miƙe a 1956 ya ce a haɗa makarantun Sumter, ba za a haɗa ba, shi za a kora, a kawo wanda ko zagayen makarantu ba zai yi ba.

Na yi shekara talatin da biyar ina aikin koyarwa. Na ga masu zafin kai da suka faɗi gaskiya a taro ɗaya aka yi musu canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da ko mota ba ta zuwa, na kuma ga waɗanda suka danne zuciya suka zauna har suka samo wa makaranta rijiya da bayan gida. Ban ce na biyun sun fi daraja ba, amma yaran sun sha ruwa.

Ɗan Kurmi:
Ranka ya daɗe Baba, da wannan hujjar kowane mai kujera yake kwana. "In na yi magana za a cire ni, in an cire ni mugu zai zo." Shekara bakwai ana jiran lokacin da ya dace. Yaron da ya shiga aji ɗaya ranar da Carter ya hau kujera ya gama firamare ranar da ya sauka. Wa zai maido masa waɗannan shekarun?

Kuma kada a manta, a gundumar nan akwai fararen da suka tsaya. Mutanen gonar Koinonia, wadda Clarence Jordan ya kafa a 1942, suna cin abinci kwano ɗaya da baƙaƙe, suna biyan lada daidai. An ƙaurace wa kayansu, an tarwatsa rumfar kasuwarsu da nakiya, an yi ta harbi cikin gidajensu da dare. Ba su gudu ba. Ke nan ba a ce tsayawa ba ta yiwuwa ba, tsada gare ta.

Mai Sayen Gyaɗa a Dawanau:
Ku bar ni in sa baki ta fuskar kasuwa, don sana'armu ɗaya da mutumin. Mai sito da ke sayar wa manoma iri da taki bashi, ya sayi gyaɗarsu da kaka, ransa a hannun manoman yake. In suka juya maka baya kaka ɗaya, ka tashi. Shekararsa ta farko fari aka yi, ribarsa ba ta kai dala 200 ba, shi da matarsa Rosalynn da yara uku a gidan gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi suke zaune. Daga baya ƙungiyar farare masu kare wariya ta zo ta ce ya shiga, kuɗin rajista dala biyar. Ya ƙi. Suka ce su za su biya masa, ya sa suna kawai. Ya ƙi. Shi kaɗai ne farar fata namiji a Plains da bai shiga ba, kuma wasu sun janye cinikinsu na ɗan lokaci. Wanda bai taɓa zama a shago tun safe babu mai leƙowa ba, ba zai san nauyin wannan ba. Ni ba zan kira shi matsoraci ba.

Uwar 'Yan Biyu:
Alhaji, ya kare mutuncin kansa, na yarda. Ƙin shiga ƙungiya sunansa ya wanke. Ni tambayata kan yaran ce. Wace ƙafa ce ta huta saboda ya ƙi biyan dala biyar?

Baƙon Atlanta:
Hajiya, an gina sababbin makarantun baƙaƙe a gundumar a shekarun, an tattara ƙananan, an kuma sama musu bas. Sai dai a faɗi gaskiya duka. Jihar ce ta fito da harajin sayayya na kashi uku cikin ɗari a 1951, ta shiga gina wa baƙaƙe makarantu masu kyan gani a ko'ina, don ta nuna wa kotu cewa rabe suke amma daidai suke, kada a tilasta mata haɗawa. Yaran sun amfana da ginin, amma niyyar masu ginin tsawaita wariya ce. Carter cikin wannan tsarin ya yi aiki. Ya gyara ɗakin, bai taɓa katangar ba.

Malamin Tarihi:
Akwai wuri ɗaya da ya sa wuyansa, kuma ina ganin nan ne za a gane abin da ya sa a gaba. A 1961, yana shugaban hukuma, ya fito da shirin haɗe makarantun gundumar da na birnin Americus a gina babbar sakandare. Hujjarsa ta malanta ce zalla. Ƙaramar sakandare mai 'yan ɗalibai ba za ta iya riƙe malamin kimiyya da ɗakin gwaji da malamin harsunan waje ba, shi kuma ya ɗanɗana wannan rashi, don sai da ya yi ƙarin karatun lissafi da kimiyya a kwaleji kafin ya shiga Annapolis. Makarantun farare kawai shirin ya shafa. Duk da haka mutane suka ce dabara ce ta share hanyar haɗa farare da baƙaƙe, wasu kuma ba sa son garinsu ya rasa makarantarsa. Ɗan baffansa Hugh Carter na cikin jagororin adawa. Aka yi ƙuri'ar raba gardama, shirin ya faɗi da ƙaramin rata a gunduma, amma a mahaifarsa Plains kayen ya yi muni ƙwarai, har aka liƙa takardar zagi a ƙofar sitonsa.

Abin lura, bai ce daga yau na bar harkar jama'a ba. Shekarar da ta biyo baya ya tsaya takarar majalisar dattawan jiha, kuma abin da ya ja shi har da tsoron kada 'yan wariya su rufe makarantun gwamnati ɗungurungum don gudun haɗawa. An yi masa maguɗi a gundumar Quitman, har matattu suka yi zaɓe, ya bi shari'a ya ƙwato kujerarsa.

'Yar Damagaram:
Salamu alaikum, tun ɗazu nake karatu ban ce komai ba. Maganar haɗe ƙananan makarantu ita ta taɓa ni. Ni malama ce a ƙauye nan Nijar, kuma muna da kwamitin COGES mai kama da SBMC ɗinku. A takarda haɗewa tana da kyau, malamai sun taru wuri ɗaya, kaya sun isa. Amma in babu abin hawa, 'ya mace ce ta farko da za a cire, don uba ba zai bar budurwa ta yi tafiyar kilomita bakwai a daji ba. Saboda haka ban ga laifin duk wanda ya ƙi shirin Carter ba. Wasu wariya ce ta sa su, amma uwar da ba ta son makaranta ta yi nisa da ɗanta tana da hujja.

Hedimasta Mai Ritaya:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Su dai suna da bas, shi ya sa lissafinsa ya fi namu sauƙi. Amma gaskiyarki ce, garin da aka ɗauke wa makaranta kamar an ɗauke masa kasuwa ne.

Ɗan Kurmi:
Malam ya tsallake wani abu. A Disambar 1961, Carter na shugaban hukumar, aka kawo Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, aka kulle a gidan yarin Americus, cikin gundumarsa. A 1963, yana sanata, aka kama 'yan mata ƙanana da suka fito zanga-zanga a Americus aka tsare su makonni a wani tsohon kurkuku a Leesburg, iyayen da yawa ba su ma san inda suke ba. 'Yan makaranta ne fa. Ba a ji muryarsa ba. Kuma a takarar gwamna ta 1970 ya yi zawarcin ƙuri'un masu wariya a fili, kowa ya san wannan.

Mai Sayen Gyaɗa a Dawanau:
Kuma ranar rantsuwa a Janairun 1971 ya tsaya gabansu ya ce zamanin nuna bambancin launin fata ya ƙare. Ka faɗi wannan ma. Ya gyara rabon kuɗin ilimi don gundumomi matalauta su samu kaso mai kyau, ya rataye hoton King a ginin majalisar jiha a 1974. Da ya shiga fadar White House a 1977 bai kai 'yarsa Amy makarantar kuɗi ba, firamaren gwamnati ya kai ta a Washington, wadda asalinta ta baƙaƙe ce. A jawabinsa na kama mulki malamarsa ta Plains, Julia Coleman, ya ambata. A 1979 ya sa hannu kan dokar kafa ma'aikatar ilimi ta tarayya mai zaman kanta. Mutum ya canja, ko ba a yarda mutum ya canja ba ne?

Baƙon Atlanta:
Ma'aikatar nan har yau ana kai ruwa rana a kanta. A Maris 2025 Shugaba Trump ya sa hannu kan umarnin a kama hanyar rufe ta.

Uwar 'Yan Biyu:
Alhaji, mutum yana canjawa, kuma ni ba zan taɓa raina masa aikin kurkunu ba. A ƙauyenmu na ga yara suna kwance da damina, ƙafa a kumbure, ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan, zangon karatu guda ya wuce su. Yayata shekara guda ta maimaita aji saboda shi. Yau 'ya'yana ko sunan ciwon ba su sani ba. In ana maganar wanda ya mayar da yara aji, wannan ma aikin ilimi ne. Amma alherin da ya yi mana bai biya bashin yaran Sumter ba, don ba mu muke bin sa ba.

Malamin Tarihi:
Haka ne Hajiya. Cibiyarsa ta kama yaƙin a 1986 ana ƙiyasin mutum miliyan 3.5 na kamuwa a shekara, Nijeriya kaɗai an ƙirga sama da 650,000 a binciken ƙarshen shekarun 1980. Janar Gowon ya shiga ƙauyuka tare da su, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya da Nijar sun rabu da cutar. Ni a ganina hanyar da ya bi a kurkunu a Sumter ya fara koyonta, wato ka je da kanka, ka ƙirga, ka rubuta suna da wuri. Abin da ya rasa a Sumter shi ne ya faɗi abin da ya ƙirga a gaban masu ƙarfi.

Zan faɗa muku dalilin da ya sa na kawo zancen. A zamanmu na farko na kwamiti muka yi awa biyu kan fentin ofishin hedimasta da kuɗin ruwan baƙi. Bayan wata huɗu na bi wata hanya da ban saba bi ba da sassafe, na haɗu da yaran wata rugar Fulani suna tafe, ƙaramarsu ba ta fi shekara shida ba, sun tsallako rafi. Sunayensu na cikin rajistarmu. Kullum ana dukansu kan makara. Babu wanda ya taɓa tambayar daga ina suke zuwa, ni ma ban tambaya ba. Ranar na kasa cin abinci.

'Yar Damagaram:
Allah sarki. Malam, akwai uba ko uwa daga rugar a kwamitinku?

Malamin Tarihi:
Babu, Malama. Akwai mai unguwa, liman, wakilan iyaye da na malamai da na tsofaffin ɗalibai, duk daga cikin gari.

Ɗan Kurmi:
To ka ga inda nake nufi, Malam. Hukumar Sumter ma babu baƙar fata ko ɗaya a cikinta. Da uwar ɗaya daga cikin yaran na zaune a teburin, ba a buƙatar wata huɗu ko zagaye kafin a san suna tafiya a ƙasa. Ni a nan na tsaya, Carter mutumin kirki ne da ya zauna a kujerar zalunci shekara bakwai, ya rage zafin, bai ƙi ta ba.

Hedimasta Mai Ritaya:
Ni kuma a nan na tsaya, da ya ƙi ta a 1956 da babu gwamnan 1971. Ba za mu daidaita ba, ɗana, kuma ba komai. Amma Malam, kai babu dokar da ta ɗaure maka hannu, babu mai ƙaurace wa shagonka. Tsarin SBMC ya ba da damar wakilcin al'ummar da makaranta ke yi wa aiki. Je ka gaida arɗon rugar da goro, ka roƙe shi ya ba ku mutum ɗaya, in da hali mace. Sannan ka roƙi hedimasta a daina dukan yaran kan makara tun daga gobe, wannan ba ya buƙatar kobo.

Uwar 'Yan Biyu:
Kuma a tambayi rafin nan, in ruwa ya sauka a Agusta ta ina suke bi.

Malamin Tarihi:
Na rubuta duka ukun. Zamanmu na gaba ranar Asabar ne, amma gobe bayan la'asar zan je rugar. Baba Hedimasta, in ka amince zan kira ka da dare, don ban san yadda ake buɗe irin wannan magana da arɗo ba tare da ya ji kamar ƙarar 'ya'yansa na kawo ba.

Hedimasta Mai Ritaya:
Kira ni bayan isha'i. Kada ka tafi da rajista a hannu, bar ta a gida tukuna.